Mita Ɗari Biyu na Ƙarshe

Lahadi, ƙarfe 6:10 na safe

Yau ba atisaye, amma na tashi. Jikina bai san an ba shi hutu ba. Ina zaune a falo, ƙafar hagu a kan kujera, ƙanƙara a cikin tawul a ƙarƙashin cinya. Maigida ne ya ɗaura mini kafin ya fita wajen masu koyon tuƙinsa.

Ba zan rubuta komai a kan jiya ba.

Abin da kowa ya gani dai shi ne: tseren mita ɗari takwas, zagaye biyu na fili, aikin da na shekara goma sha uku ina yi. Muka sha zagayen farko ina gaba. Da muka shiga kwanar ƙarshe, saura mita ɗari da tamanin, na fita daga layi, na zauna a kan ciyawa na riƙe bayan cinyata. Aka rugo da gadon ɗaukar majinyata, na ce zan iya takawa. Mai Kitso ce ta ci, 1:59.62. Ƙungiyarmu ɗaya, kocinmu ɗaya. Shekarunta ashirin da ɗaya, nawa talatin da biyu. Lokaci mafi sauri da mace ta taɓa yi a ƙasar nan, 1:58.41, har yanzu nawa ne. Sai dai ya shekara shida.

Saura mako uku gasar zaɓe. Biyun farko kaɗai za a tafi da su babbar gasa.

Waya ta cika da saƙonni. Tambayar ɗaya ce: yaya ƙafa? Amsar ma ɗaya: da sauƙi.

Lahadi, ƙarfe 4:00 na yamma

Na kalli bidiyon tseren sau goma sha ɗaya. Duk sanda aka zo kwanar sai in tsayar in koma farko.

Litinin, ƙarfe 11:30 na safe

Ɗakin tausa na ƙungiya. Warin man zafi, fankar nan mai ƙara da aka ce za a gyara tun bara, da hoton mutum ba fata a bango, an rubuta sunan kowace jijiya. Na kwanta rub da ciki, fuskata a ramin gadon, ina kallon takalman Anti Likita. Shekara tara tana taɓa ƙafafun nan. Ta fi ni sanin su.

"Nan?"

"Nan."

Ta matsa sama da ɗan yatsa uku. "Nan fa?"

"Nan ma."

Ta ce in lanƙwasa gwiwa in ture hannunta. Na tura.

"Da ƙarfi, ba gaisuwa muke ba."

Na ƙara. Ta saki, ta je bakin famfo. Ta daɗe tana wanke hannu.

"Ba kumburi, ba zafi a wurin," ta ce wa famfon. "Amma a ɗauki hoton ƙafar a asibiti, hankalin kowa ya kwanta."

Da zan fita ta ce in bar ɗaure wurin da bandeji haka tam, jini na bukatar hanya. Na ce to. Na ƙara ɗaurewa a cikin mota.

Talata, ƙarfe 9:15 na safe

Minti arba'in a kan keken da ba ya zuwa ko'ina. Tagar ɗakin motsa jiki tana kallon fili, don haka ko ban so ba sai na ga sauran suna gudu. Koci yana tsaye a inda ya saba, hular nan a kai, agogo biyu a wuya.

Mai Kitso ta shigo bayan sun gama, da ayaba a leda. Sunan ya bi ta ne tun zuwanta, don ita ke yi wa kowa kitso a masauki idan mun je gasa. Ta tsaya daga bakin ƙofa kamar wadda ta fasa wani abu.

"Anti, sannu. Yaya ƙafa?"

"Da sauƙi. Barka da nasara."

"Ai don kin tsaya ne."

"Kada ki ƙara faɗin haka. Kin ci, kin ci."

Ta sunkuyar da kai. Ni na koya wa yarinyar nan yadda ake shiga kwana ba a bar kafaɗa ta buɗe ba. Shekara uku da suka wuce takalmana take riƙe mini, tana tambayar me nake ci da safe. Ba ta yi mini laifin komai ba. Na cinye ayabar duka biyar ina jin haushi.

Laraba, ƙarfe 2:20 na rana

Hoto ya fito. Babu komai.

Na kai wa Koci takardar a ofishinsa, ɗakin nan da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, inda tsofaffin shingayen tsalle suka cinye rabin wuri. Ya sa tabarau. Layi uku ne rubutun, amma ya karanta kamar wasiƙar gado.

"Alhamdu lillahi. Jijiya ba ta yage ba." Ya ninke takardar gida huɗu. "Ki huta zuwa Litinin."

Na jira sauran maganar. Bai yi ba. Mutumin da idan na yi jinkirin rabin daƙiƙa sai ya yi mini wa'azin minti ashirin.

Alhamis, ƙarfe 5:35 na asuba

Na sauko da akwatin littattafan atisaye daga kan kabad. Ban san me nake nema ba. Na baje su a kan tabarma, na fitar da lokaci mafi kyau na kowace shekara tun daga waccan.

1:58.41
1:59.03
1:59.50
2:00.12
2:01.30
2:01.94
Bana, 2:02.66.

A gefen kowanne akwai dalili, da rubutun hannuna. Shekarar zazzaɓi. Shekarar da aka canza mana takalma. Shekarar rasuwar Baba. Shekarar da duk gasar da na je sai an yi iska. Ba wanda na ƙirƙira, duk sun faru. Amma da na jera su sai na ga dalilan suna ta canzawa, lambobin kuwa hanya ɗaya suka nufa.

Na mayar da akwatin. Na sake sauko da shi don na manta littafi ɗaya a ƙasa. Na share falo. Har yanzu gari bai gama wayewa ba.

Juma'a, ƙarfe 1:00 na rana

Mutum goma sha huɗu yau. Da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi.

Asabar, ƙarfe 5:50 na yamma

Mun dawo daga kasuwa, ni da Maigida. Hawa na biyu muke, matakala ashirin da biyu. Yana bayana da buhun shinkafa a kafaɗa, ni ina gaba da leda biyu, ina ɗingisawa a hankali saboda matar maƙwabcinmu tana tsaye a baranda.

Sai da muka shiga ya rufe ƙofa, ya sauke buhun, ya sha ruwa. Sannan ya ce, cikin muryar da yake yi wa masu koyon tuƙi idan sun kusa hawa kwalbati:

"Zakanya, ba hagu ba ce?"

"Me?"

"Ƙafar. Na ga yau da dama kike ɗingishi."

Na ce idan mutum ya daɗe yana kare ƙafa ɗaya, ɗayar ma takan ɗauki ciwo. Gaskiya ne, ana haka. Ya ce, "Ashe." Ya tafi ya hau jera kayan miya a firiji, aikin da bai taɓa yi ba tun da muka yi aure.

Shi da 'yan jarida ne kaɗai ke kirana Zakanya. A bakinsa tsokana ce. Yau ban ji tsokanar ba.

Litinin, ƙarfe 10:40 na safe

Na koma fili. Mita ɗari uku sau huɗu, hutun minti huɗu a tsakani.

Na farko daƙiƙa 41.8. Na ji kamar an kwance mini ɗauri. Na biyu 42.0. Koci ya kalli agogo, ya kalle ni, ya kalli ɗaya agogon. Na uku 42.4, ina kafaɗa da kafaɗa da Mai Kitso har layi. A raina na ce, ga shi nan, yana nan, bai je ko'ina ba.

Na huɗu 46.1.

Ba ciwo. Na kira ƙafafun ne kawai ba su amsa ba. Da can na huɗun shi ne nawa, shi nake jira. Sauran suna amai a gefen fili ni ina tambayar ko akwai na biyar.

Uku masu kyau, ɗaya mara kyau. Tun ɗazu nake juya su. Idan na tuna ukun sai in miƙe in hau zagaye ɗaki. Idan na tuna ɗayan sai in zauna.

Talata, ƙarfe 6:30 na yamma

Maigida ya ɗauko ni a motar koyon tuƙi, mai birki biyu. Rediyo a kunne, shirin wasanni. Sai na ji sunana. Mai gabatarwa ya ce tambayar yau ita ce, shin Zakanya ta gama yayinta? A bugo waya.

Ya kai hannu zai kashe, na ce ya bari.

Wani ya ce in sauka da mutuncina tun ana tafa mini. Wata ta ce ciwo ne kawai, za a ga aiki ranar zaɓe. Wani dattijo ya ce shi yana filin ranar da na yi 1:58, har hularsa ta faɗi bai sani ba. Ya yi ta ba da labarin, kowace kalma da "a lokacin". Shi ya fi kowa ƙaunata, shi ya fi kowa yi mini ciwo.

Da muka iso gida Yaya ta kira. Ita ma ta ji.

"Ke ba kya gajiya? Shekara goma sha uku kina zagaye wuri ɗaya, har yau ba ki isa ko'ina ba. Makarantarmu tana neman malamar wasanni. In yi magana?"

Na yi dariya don ta ji daɗi. Na ce ta bari tukuna.

Laraba, ƙarfe 12:15 na rana

Rubutun yau zai yi muni.

Koci ya ce in same shi a ofis. Ya ɗauke wani shinge ya ba ni kujera. Ya ce yana da shawara, in saurara har ƙarshe. Kada in shiga gasar zaɓe. Kowa ya san na ji ciwo, ba wanda zai ce komai. Wata mai zuwa akwai gasar gayyata, ana so Mai Kitso ta gwada karya lokacin ƙasa, kuma tana bukatar wadda za ta ja ta. Wato in shige gaba in saita mata gudu daidai, in tare mata iska, idan mun kai mita ɗari biyar in kauce in bar ta ta ƙarasa.

"Ba wanda ya san saurin 1:58 a jikinsa kamar ke," in ji shi. "Ko an rufe miki ido za ki kawo zagayen farko a hamsin da bakwai."

"Lokacin da za ta karya ɗin, na waye?"

"Naki ne."

"Wato in riƙe mata tsani ta hau ta sauke sunana."

"Za a sauke shi ko kina nan ko ba kya nan, 'yata. Bana ko baɗi."

Na ce ashe abin da na zama ke nan, mai fita daga layi. Na ce ya ga na iya, shi ya sa. Ban san zan faɗa ba sai da na ji ta fito.

Ya cire tabarau. "Ina tsaye a kwanar nan ranar. Na ga fuskarki kafin hannunki ya kai cinya." Ya ajiye tabarau a kan tebur. "Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ba na so in sake ganin fuskar nan, a gaban mutanen da suka fi na ranar yawa."

Na tashi. Gwiwata ta bugi shingen, ya faɗi a kan sauran, suka yi ta zubewa. Ban tsaya ɗagawa ba.

Alhamis, ƙarfe 3:45 na yamma

Ban je fili ba. Na wanke labule. Na wanke takalman gudu guda shida, har da waɗanda na daina sawa. Na fita sayen sabulu, na wuce shagon, na wuce gidan mai, na wuce gadar sama, sai ga ni a bakin tashar mota ba abin da ya kai ni. Na dawo a ƙasa. Awa biyu da minti goma. Sabulun ban saya ba.

Koci ya kira sau biyu.

Juma'a, ƙarfe 7:20 na safe

Na tashi Maigida bayan sallar asuba na ce ya zo ya riƙe mini agogo. Bai tambayi komai ba. Muka je filin wata makaranta kusa da mu, mai gadin ya san shi. Layukan sun goge, akwai rami a kwana ta biyu.

Mita ɗari shida, ni kaɗai. 1:28.7.

Ya zo da gudu yana nuna mini agogon. "Wannan mai kyau ne ko? Fuskarki ba ta gaya mini komai."

"Mai kyau ne."

"To mene ne?"

Na ce masa tseren ɗari takwas ne, ba ɗari shida ba. Ɗari shidan farko kowa na iya biya da horo. Ɗari biyun ƙarshe wani abu ne daban, ko kana da shi ko ba ka da shi, kuma ba ka sani sai ka je wurin.

Ya yi tunani. "Kamar mota ce a kan tudu. Kin taka totur har ƙasa, injin yana kuka, amma ba ta ƙara sauri."

"Me kake ce wa ɗalibanka idan haka ta faru?"

"In ce su sauko giya, su hau a hankali. Ana kaiwa sama dai." Ya dube ni. "Na san ba amsar da kike so ba ce."

Ba ita ba ce.

Lahadi, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je gidan Anti Likita. Ban taɓa zuwa ba sai da dalilin suna ko gaisuwa. Na same ta tana yanke wa mahaifiyarta farce a tsakar gida. Ta gama, ta kai tsohuwar ɗaki, ta kawo mana shayi.

Na ce, "Anti, babu komai a ƙafar nan."

"Na sani tun Litinin ɗin farko. Mai yagaggiyar jijiya ba ta ture hannuna haka."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ƙafa aka ba ni in duba. Ƙafa kuwa lafiyarta ƙalau."

Na so in ba ta labarin duka, amma abin da ya fito kaɗan ne. Na ce mata na ji Mai Kitso ta iso kafaɗata, na ji numfashinta, a kwance yake kamar mai tafiya kasuwa. Na nemi abin da na saba nema a wurin, na tarar ba kowa a gida. Bayan wannan ban san yadda aka yi ba. Na ga ciyawa kawai.

Sauran ban faɗa mata ba, nan ma ba zan rubuta ba.

Ta ce, "Shekara ashirin ina wannan aiki. Na ga masu ɓoye ciwo don a bar su su yi gudu, na ga masu ƙirƙirar ciwo don a bar su su huta. Duk a gado ɗaya suke kwanciya."

"Na gama ke nan, Anti?"

"Wannan ba ya fitowa a hoto. Sha shayinki."

Na kwance bandejin a nan gidanta. Fatar wurin ta yi fari, ta yi laushi kamar ta jariri.

Litinin, ƙarfe 9:00 na safe

Na gaya wa Koci zan shiga gasar zaɓe. Shingayen suna nan a jere, ya ɗaga su shi kaɗai. Na ba shi haƙuri.

Ya ce, "Idan aka wuce ki fa?"

"Sai a wuce ni."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauko takardar rajista daga aljihun tebur. Sunana yana kai tun tuni, da rubutunsa. Sa hannuna kawai ya rage.

Talata, ƙarfe 2:00 na rana

Makon rage atisaye. Gudu kaɗan, hutu da yawa. Na ƙi jinin makon nan tun ina yarinya. Na jera cokula bisa tsawo.

Laraba, ƙarfe 6:45 na yamma

Mai Kitso ta zo gida da mataji da man gashi, ba ta tambaya ba. Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Kitso yana da daɗin magana, ba mai ganin idon wani.

Ta kai rabin kai kafin ta ce, "Anti, Koci ya gaya mini abin da ya roƙe ki. Wallahi ba ni na sa shi ba."

"Na sani."

Ta ja wani layin. "Ranar nan da na wuce ki, jira nake ki dawo. Har na taka layin ƙarshe ina sauraron takunki a bayana. Da na juya ban gan ki ba, na rasa abin yi. Ni ban iya gudu ba kya gabana ba. Bayanki nake kallo tun da na fara."

"Sai ki koya."

"Ina koyo." Ta ƙara matse kitson har na ji a idona. "Amma ranar Asabar, don Allah, idan kin zo ki zo da gaske. Kada ki bar mini. Idan na ci ina so in san na ci."

Na ce ta sassauta hannu, kai ne ba igiya ba. Muka yi dariya. Bayan ta tafi na tsaya a gaban madubi na daɗe. Yarinyar nan tana tsorona har yanzu. Ban san ko in ji daɗi ko in ji tausayinta ba.

Juma'a, ƙarfe 7:10 na yamma

Zagayen share fage. Na zo ta biyu a rukuninmu, 2:03.10, na shiga na ƙarshe. Na wuce kwanar ban kalli ciyawar ba. Na san dai tana nan.

Asabar, ƙarfe 6:00 na safe

Shayi rabin kofi, burodi yanka ɗaya. Na duba ƙusoshin takalmi sau uku.

Asabar, ƙarfe 7:30 na yamma

Zan rubuta shi yanzu tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Mu takwas. Layi na biyar aka ba ni. Bindiga ta tashi, na shige gaba kamar kullum, don ban iya wani gudun ba. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe a 57.9. Ina jin su a bayana, tarin takalma, ba wadda ta yanke. A miƙaƙƙen layin baya na ƙara, na ji jikina ya karɓa, na ce ko yau ce.

Mita ɗari shida, 1:28. Muka shiga kwanar.

Ta iso kafaɗata a daidai wurin. Numfashin nan dai. Na nemi abin, na nema da gaske, da duk abin da na tara a shekara goma sha uku. Wani ɗan abu ya zo, ba shi da yawa. Na riƙe ta taku goma, wataƙila sha biyu. Sannan ta tafi. Na ga bayanta, na ga kitson da ta yi wa kanta, yana ƙara nisa.

Ciyawar tana hannun hagu, taku ɗaya. Na gan ta sarai.

Saura mita tamanin ƙafafuna suka zama itace. Hannuwana suna ta aiki, ƙasa ba ta matsowa. Saura talatin wata yarinya mai jar riga, daga wata ƙungiya, ta wuce ni ta dama. Ban ma san sunanta ba sai da aka faɗa a lasifika. Na bi ta da abin da ya rage. Na faɗa kan layi, na durƙusa, na ga duhu-duhu.

Mai Kitso 1:58.93. Mai jar riga 2:00.41. Ni 2:00.87, ta uku.

Rabon da in yi irin wannan lokacin shekara uku. Kuma bai isa ba. Ba zazzaɓi, ba iska, takalma lafiya. Ba abin da zan rubuta a gefensa.

Mai Kitso ce ta ɗaga ni. Tana kuka, tana cewa ta ji ni, ta ji ni har tsakiyar kwana. Na ce ta je ta karɓi tutarta, ana jiranta.

A bakin hanyar fita wani ɗan jarida ya miƙo mini abin magana. Ya ce kowa ya san ban gama warkewa ba, yaya ciwon ya shafi gudun yau? Ya shimfiɗa mini hanya har da tabarma. Da na ce e, da an gama.

Na ce, "Ƙafata lafiyarta ƙalau. Iya gudun ke nan."

Ya tsaya yana jiran ƙari. Na wuce.

Maigida yana jira a mota. Muka fita daga cunkoso. Sannan ya ce wai ya yi ihu har wani mutum ya ba shi ruwa. Na kwantar da kujera na rufe ido. Ban yi kuka ba sai a kan matakala.

Talata, ƙarfe 11:00 na safe

Kwana biyu ina barci kamar an doke ni. Yaya ta sake kira a kan maganar makaranta, na ce ta karɓo mini takardar in gani. Gani kawai.

Yau na je wurin Koci. Yana cin gyaɗa a ofis, ya tura mini ledar.

Na ce, "Gasar gayyatar nan. Hamsin da bakwai ka ce?"

Ya daina tauna. "Hamsin da bakwai. Ko da ɗigo biyu."

"Ɗari biyar ya yi mata kaɗan. Idan na kauce a nan za ta sha iska ita kaɗai a layin baya, ba ta saba ba. Zan kai ta ɗari shida."

"Za ki iya 1:27?"

"Zan iya. Daga nan kuma nata ne."

Ya jawo takarda ya fara rubuta atisayen mako. Ina kallon alƙalamin yana tafiya. Na kai bakin ƙofa, na dawo.

"Koci, idan na kai ɗari shidan na ji ƙafafuna da sauran magana fa?"

Bai ɗago ba. "Sai ki ƙarasa. Ba wanda zai kama ki."

Na san abin da zan ji idan na kai wurin. Na sani sarai. Amma sai da na tambaya.